Allon Zayyana da Rumfar Biki: Wa Ake Karramawa a Makarantun Sabo ta Ibadan?

Shekarar karatu a makarantun boko na Ibadan tana ƙarewa ne a watan Yuli, kuma makonnin ƙarshe na watan lokacin hayar rumfa ne da kujerun roba. Islamiyyu da yawa kuwa sun fi son su yi walimar ɗalibansu gab da azumi, cikin Rajab ko Sha'aban. Magidanci a Sabo, unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da Mokola, yakan ga bukukuwan nan biyu a shekara guda, wani lokaci ma a kan yaro guda: a kawo masa takardar kuɗin bikin makarantar safe, bayan 'yan watanni a kawo ta makarantar yamma. Yakan biya, don ba mai son a ce ɗansa ne kaɗai bai sa anko ba. Abin da ba a cika zama a tattauna ba shi ne amfanin da bikin ya kamata ya yi wa yaron da malaminsa. A ganina Sabo ta daɗe da sanin yadda ake wannan, a al'adarta ta saukar karatu, sai dai ana nema a yi watsi da ita.

An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka ware wa Hausawan Ibadan wuri guda su zauna a ƙarƙashin sarkinsu. Fatauci ne ya tara su. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura daga Kudu, ga kuma jirgin ƙasa da ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma. Wani masanin zamantakewar al'umma mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya tarar da mutum dubu huɗu da 'yan kai, kuma ya ga cewa mutane iri biyu ne ke riƙe da ragamar wurin. Akwai masu gida, waɗanda ke saukar da fatake, su samo musu masu saye, su tsaya musu a kan bashi. Akwai kuma malamai, waɗanda darajarsu ta ƙara ɗaukaka bayan da ɗariƙar Tijjaniyya ta game unguwar a farkon shekarun 1950, har Sabo ta soma Juma'arta ta kanta a 1952.

A wancan lokacin Ibadan tuni ta yi nisa a karatun boko. An buɗe Ibadan Grammar School a 1913, Kwalejin Gwamnati a 1929, kwalejin da ta zama Jami'ar Ibadan a 1948. A watan Janairun 1955 gwamnatin Obafemi Awolowo ta soma ba da ilimin firamare kyauta a duk Jihar Yamma. Sabo tana tsakiyar wannan duka, amma kaɗan ne daga yaranta suka shiga. Ana saurin cewa jahilci ne ko taurin kai. Ni ban karɓi wannan ba. Takardar boko ba ta ɗaga kowa a Sabo ta wancan zamani ba. Amana da jari da karatun addini su ke sa a tashi wa mutum tsaye. Yaro kuwa ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan abin da mutanensa suka ɗauka da girma. Yana kallon wanda ake yi wa shimfiɗa, ya bi sawunsa.

Shi ya sa yake da kyau a dubi saukar karatu da idon basira. Yaro yakan soma da babbaƙu, ya koma farfaru, ya iya haɗa baƙi, sannan a riƙa rubuta masa allo yana biyawa yana wankewa. Ba a jira sai ya kai ƙarshen izu sittin kafin a nuna an ga ƙoƙarinsa. Idan ya kai wasu surori da aka sani, kamar Sabbi ko Tabara ko Yasin, gidansu sukan yi 'yar sadaka, ko ƙosai ko waina ko abin da ya sawwaƙa, a kai makaranta 'yan'uwansa almajirai su ci. Ran sauka kuma a ba mai zayyana sabon allo ya ƙawata shi da tawada mai launi, a rubuta Fatiha a gefe guda, farkon Baƙara a ɗaya gefen. A sa wa yaron riga da rawani, a zaunar da shi a tabarma gaban malaminsa, dattawan unguwa sun kewaye. Malam ya karanta, yaro ya bi, muryarsa tana rawa, uban yana gefe ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa. A shafa fatiha. Daga nan uban ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri," ya miƙa abin da ya tanada: riga ce, rago ne, kuɗi ne, gwargwadon ƙarfinsa. Sai yaro ya ɗauki allonsa ya zaga dangi, gwaggo ta ba shi, kawu ya ba shi.

A wannan zama ba a yaba wa yaro da abin da ba a ji da kunne ba, domin sai ya karanta a bainar jama'a. Ba a ce wane ne na ɗaya ba. Wanda ya sauke a shekara huɗu da wanda ya sauke a shekara tara tabarma ɗaya ake shimfiɗa musu. Malami kuma ba ɗan kallo ba ne. Shi ne tsakiyar taron, kuma kowa ya san sunansa.

To, a kwatanta da ranar ba da kyaututtuka ta ƙaramar makarantar kuɗi, irin waɗanda suka cika lungunan garuruwanmu. An ce ƙarfe goma, manyan baƙi ba su iso ba sai sha biyu, yara suna zaune cikin zafi tun da hantsi. Janareta yana ruri, lasifika tana ƙara. 'Yan nazare masu shekara biyar an sa musu doguwar rigar haya da hula mai tunku irin ta masu digiri, hular tana rufe musu ido. Sa'a biyu za ta tafi a jawabai da gabatar da masu zama a babban tebur, kowane da jerin muƙamansa. Sa'annan a kira na ɗaya da na biyu da na uku daga kowane aji, a ba su littattafan rubutu ko kwanon abinci, a ɗauki hoto da mai makaranta. Malaman fa? Suna can baya suna tsawata wa yara, suna raba shinkafa a robobi, wata tana goye da ɗan wani da ya yi barci. Sau da yawa taro zai watse ba a ambaci sunan wanda ya koya wa yarinyar nan da ta yi na ɗaya lissafi ba. Ba kowace makaranta ce haka ba, amma duk wanda ya halarci biyu ko uku zai gane hoton.

Maganar malamai ita ta fi damuna. Tun 1994 duniya ke bikin Ranar Malamai a 5 ga Oktoba, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da shekarun ritayar malaman Nijeriya 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Madalla. Amma wannan bai taɓa aljihun malamin makarantar kuɗi ko na islamiyya ba, waɗanda da yawansu albashinsu bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 ba. Malamin allo kuwa har yau akwai inda kuɗin Laraba ne abin dogaronsa. Mun saba da cewa ladan malami sai a Lahira, kuma gaskiya ne akwai lada, amma maganar ta zama mafakar masu hana shi haƙƙinsa na duniya. Takardar yabo ba za ta maye gurbin albashi ba, kuma mai makarantar da ke bin malamansa bashin wata uku bai kamata ya yi tunanin farantin bango zai wanke shi ba. Duk da haka, a kira mutum da sunansa gaban iyayen yaran da ya koyar, a faɗi takamaiman abin da ya yi, a ce malama wance ta karɓi aji uku da yara goma da ba su iya haɗa baƙi ba, yau ga su suna karatu, wannan yana da nauyin da kuɗi kaɗai ba ya da shi. Kuma ma'aikatan makaranta ba masu riƙe alli kaɗai ba ne. Baba mai gadi da ke tsallakar da yara titi kullum safiya, a garin da 'yan acaba da ƙananan motocin haya ba sa ɗaga ƙafa, da inna mai shara da ke wanke bayan 'yan nazare, su ma suna da rabo a sakamakon da ake tafawa.

Sai batun na ɗaya zuwa na uku. Yabon gwani ya zama dole, ba na jayayya. Amma a aji mai yara arba'in, uku ne za su hau dandamali, kuma galibi su ne dai na bara. Sauran talatin da bakwai sun koyi cewa ranar ba tasu ba ce. A Sabo wannan ya fi ciwo, saboda yaron unguwar yana ɗauke da kayan da ba a aunawa. Hausa yake yi a gida, Yarbanci a titi da kasuwa, Turanci a aji, Larabci a islamiyya. Akwai wanda aka kawo daga ƙauyen Katsina ko Sakkwato yana da shekara tara, bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, kafin shekara ta zagayo yana karanta littafin ajinsa. Ya yi na ashirin da biyar, amma babu wanda ya yi tafiyar da ya yi. Akwai yarinyar da ke ɗaukar talla da yamma amma rijista ta nuna ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Idan makaranta ba ta da kyautar da za ta ba irin waɗannan, to ma'auninta ne ke da gyara.

Masana ma sun duba wannan. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa binciken da suka yi a Amurka da yara 'yan ajin firamare na biyar. An ba yaran aiki, aka yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun dage. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, suka fi son a ba su mai sauƙi don kada su ji kunya, waɗanda aka yaba wa dagewa kuwa suka ci gaba da gwadawa. Malamin da ya sa a yi sadakar ƙosai don yaro ya kai Tabara bai karanta wannan bincike ba, amma abin da yake yi ke nan.

Kada a ɗauka ɓangaren addini ya tsira. Walimar islamiyya ta zamani ita ma ta koyi tsada: anko kala biyu, hayar ɗakin taro, kalanda mai hoton ɗalibi, kuɗin shahada, kuɗin mai bidiyo. Akan sami yarinyar da ta kammala karatunta sarai amma aka ɗage saukarta zuwa baɗi don mahaifinta bai haɗa kuɗin ba, akan kuma sami wanda aka cusa cikin masu sauka alhali ba zai iya karanta shafi guda ba sai an ɗora shi. Maƙwabtanmu Yarbawa Musulmi ma suna da tasu walimar, kuma a garin da aka san shi da iya biki, gasa ba ta da wuyar shiga. A 2025 gwamnatin Jihar Imo ta hana bikin yaye ɗalibai ga 'yan nazare da 'yan ƙaramar sakandare, ta bar shi ga 'yan aji shida na firamare da masu gama babbar sakandare, saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Ba sai an jira doka ba kafin makarantun unguwa su rage.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A rage jawabi, a bar yara su nuna abin da suka koya: wannan ya karanta shafi, waccan ta warware lissafi a allo, wani ya fassara magana daga Yarbanci zuwa Hausa zuwa Turanci, iyaye su gani da idonsu. Duk yaron da aka kira, a kira malaminsa su tsaya tare. A tanadi kyautar wanda ya fi ci gaba da ta wanda bai yi fashi ba. Tun da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta soma musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, mun ga gwamnoni da attajirai suna ba gwanaye motoci da kujerun Hajji, don haka ba sai an koya wa Bahaushe kyauta ba. Abin da ya rage shi ne hannun ya kai ƙasa, ga makarantar lungu.

Sabo kuma tana da masu hannun. Unguwar da duk Ibadan ta sani da canjin kuɗi ba za ta rasa wanda zai biya wa yara biyar kuɗin jarrabawar WAEC ko JAMB ba, ko ya ɗinka wa malamai riga sau ɗaya a shekara. Wannan ya fi kwanon abinci amfani, don kuɗin jarrabawa na cikin abin da ke tsayar da yaran talakawa a ajin ƙarshe. Akwai kuma 'ya'yan unguwar da suka yi boko suka zama likitoci da lauyoyi da malaman makaranta. A gayyato ɗaya daga cikinsu ya miƙa kyauta, ya yi wa yara magana da Hausar da suke ji a gida. Limamai da masu unguwa da 'yan kasuwar da ba sa fashin walimar sauka su riƙa zuwa ranar kyautar makarantar boko su ma, su zauna a gaba, su iso a kan lokaci.