Silsilar Tarihi: Nasiha Ga Mai Shirin Jarrabawa

Duk ɗalibin sakandare da jarrabawar tarihin duniya ta ƙarato masa, ya kuma duƙufa ga haddace shekaru da sunayen sarakuna kamar mai tilawa, to lalle ya saki reshe ya kama ganye, domin kuwa abin da masu duba takardu suke aunawa shi ne fahimtar sababin kowane al'amari da aƙibarsa. Tun a 1377 Ibn Khaldun, cikin Muƙaddimarsa, ya ɗora wannan fanni bisa tace labarai da binciken dalilai.

Misali, idan aka tambayi ɗalibi musabbabin Yaƙin Duniya na Biyu, bai wadatar ba ya ce Jamus ta afka wa Poland a 1939. Wajibi ne ya koma ga sulhun Versailles na 1919, wanda ya ƙwace wa Jamus yankuna, ya aza mata diyya mai nauyi, sa'an nan ya bayyana yadda karyewar tattalin arziki ta 1929 ta jefa jama'arta cikin ƙunci, har Hitler ya sami ƙofar hawa mulki a 1933. Wanda ya riƙe silsilar nan zai ga ta iso har ƙofar gidansu, gama wannan yaƙi ne ya kai kakanninmu dajin Bama, shi ne kuma ya raunana Ingila da Faransa, har Gana ta sami 'yanci a 1957, Nijeriya da Nijar a 1960. Shekarar da aka ɗaura wa dalili ba ta saurin kuɓucewa daga zuciya.

Amma ta fuskar tanadi, ya kamata ɗalibi ya raba manhajarsa babi babi tun da sauran watanni, ya lizimci muraja'a kullum bayan asuba, taswira tana gabansa. Ya nemi tambayoyin shekarun baya ya amsa su a rubuce yana duban agogo, kowace da'awa da hujjarta. Ya kuma zauna muzakara da abokai, domin wanda ya iya warware wa ɗan'uwansa dalilan juyin juya halin Faransa na 1789 ba tare da leƙa littafi ba, haƙiƙa ya mallaki darasin. Karatun daren jarrabawa kuwa kiwon akuyar ranar kasuwa ne, ba ya sa ta ƙiba.