Ƙasar da Gini Ke Tsayawa a Kanta

Kowane gini, gida ne ko gada ko madatsar ruwa, a kan ƙasa yake sauke nauyinsa. Siminti da rodi daga masana'anta suke fitowa, an san ƙarfinsu tun kafin a saye su. Ƙasa kuwa yadda aka tarar da ita a fili, haka injiniya zai yi aiki da ita. Shi ya sa aka ware fanni guda a ilimin injiniyan gine-gine da ke nazarin halin ƙasa idan an ɗora mata nauyi ko ruwa ya ratsa ta. Ana danganta kafuwarsa da Karl Terzaghi, wanda ya wallafa littafinsa kan batun da Jamusanci a 1925.

Asalin ƙasa dutse ne da ya marmashe. Zafin rana da sanyin dare suna tsattsaga shi, saiwoyi su kutsa cikin tsagar, ruwa da iska su ci gaba da gurzarsa. Ruwan sama kuma yana narkar da wasu sinadaran dutsen, ya mayar da su yumɓu. Wata ƙasar takan zauna inda ta samu, kamar jar ƙasa da marmara da ake gani a Kano da Zariya: ruwan damina ya wanke abin da zai wanku, ya bar sinadarin ƙarfe, wanda shi ya ba ta launin ja. Wata kuwa kawo ta ake yi. Koguna irin su Haɗejiya da Rima ne suka shimfiɗa lakar fadama, iska kuma ta tara rairayin jigayi a arewacin Yobe da kudancin Nijar.

Injiniyoyi suna kasa ƙasa bisa girman ƙwayoyinta. Abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ce. Daga nan zuwa 0.06 yashi ne, sai turɓaya har zuwa 0.002, abin da ya gaza haka kuma yumɓu ne. Ƙarfin tsakuwa da yashi daga cijewar ƙwayoyinsu yake zuwa, ruwa kuma ba ya daɗewa a cikinsu. Yumɓu yana da danƙo, yana riƙe ruwa, halinsa kuma yana sauyawa da yawan ruwan da ya sha. Albert Atterberg, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da hanyar auna wannan a 1911. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, ana kwaɓa ƙasar, a murza ta da hannu a kan gilashi har ta zama zare mai kaurin milimita 3. Ruwan da ke jikinta lokacin da zaren ya fara kakkaryewa shi ne iyakar danƙonta.

Abu uku ke cikin kowace ƙasa: ƙwayoyi, da ruwa, da iska a tsakaninsu. Terzaghi ya nuna cewa idan aka ɗora nauyi a kan jiƙaƙƙen yumɓu, ruwan ne ke fara ɗaukarsa. A hankali ruwan yake tsiyayewa, nauyin ya koma kan ƙwayoyin, ƙasar ta matse, gini ya lotsa. A yashi wannan yakan ƙare tun ana cikin aiki, a yumɓu kuwa yakan ɗauki shekaru. Babban haɗarin shi ne wani ɓangare ya fi wani lotsawa, domin daga nan bango ke tsagewa. Hasumiyar Pisa a Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta karkace ne saboda laushin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Tsakanin 1990 da 2001 an rufe ta, aka riƙa zaƙulo ƙasa kaɗan-kaɗan daga gefen arewa, har aka rage karkatar da fiye da santimita 40.

Baƙar ƙasar firki da ke yankin Tafkin Chadi a Borno matsalarta daban ce. Da damina takan kumbura ta ɗaga daɓe da kwalta, da rani ta motse ta dare. A irin wannan wuri akan kwashe ta a zuba burji, ko a kai harsashi zurfin da damshinsa ba ya sauyawa.

Ƙasar da aka zuba cike kuma sai an danne ta. Ralph Proctor ya nuna a 1933 cewa kowace ƙasa tana da adadin ruwan da ta fi dannuwa da shi: ta bushe ba ta kamuwa, ruwa ya yi yawa ta koma taɓo. Matan da ke daɓen ɗaki suna yayyafa ruwa kafin su sa madaɓi, kuma dalili ɗaya ne ke sa tankar ruwa ta riga rola wucewa a aikin titi, shimfiɗa bayan shimfiɗa.

Kafin babban aiki ana haƙa ramukan gwaji, a huda ƙasa da inji, a ɗebi samfur daga zurfi daban-daban, a kuma auna inda ruwan ƙasa ya tsaya. Sakamakon ne ke nuna irin harsashin da ya dace: na rami a ƙarƙashin bango inda ƙasa ke da ƙarfi, faffaɗan kankare da ke raba nauyi inda take da laushi, ko dogayen turakun kankare da ake kafawa har su kai ƙasa mai tauri, kamar yadda ake yi wa manyan benaye a tsibirin Legas.