Fadamar da Ta Haifi Shikago

A gaɓar Tafkin Mishigan ta kudu maso yamma, a ƙasar Amurka, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Gundumar Cook. Mutum fiye da miliyan 5 ke zaune a cikinta yau, birnin Shikago kuma shi ne hedikwatarta. Mafarin wannan duka wata 'yar fadama ce mai taɓo.

Ga yadda Allah ya tsara wurin. A zamanin da, Kogin Shikago gabas yake malala ya faɗa tafki, ruwansa ya bi manyan tafkuna har Tekun Atlantika. Kaɗan daga yamma kuma, Kogin Des Plaines ya nufi kudu, ruwansa ya bi Kogin Ilinoi ya shiga Misisipi. Babu dutse tsakaninsu, babu tudun kirki, sai wannan fadama. In ruwa ya cika, kwale-kwale ya ratsa fadamar ya wuce. In ya janye, matafiya su sauka su ja shi cikin laka, ko su saɓa shi a kafaɗa. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe da sanin wannan mashiga, su ne ma suka nuna wa wasu matafiya Turawa, Louis Jolliet da Fada Jacques Marquette, ita a 1673. Jolliet na gani ya gane cewa in aka haƙa gajeriyar hanyar ruwa a nan, an ɗinke arewa da kudu ke nan.

Baƙon da ya fara kafa gida ya zauna a bakin kogin kuwa jinin Afirka ne, Jean Baptiste Point du Sable. Kafin 1790 ya riga ya zauna a wurin tare da matarsa, 'yar ƙabilar Potawatomi, yana fatauci. Ya mallaki gida da injin niƙa da gidan burodi da dabbobi, kafin ya sayar da komai a 1800 ya tashi. A 1803 sojojin Amurka suka gina sansanin Dearborn. Ran 15 ga Agusta 1812, ana cikin yaƙi da Ingila, mayaƙan Potawatomi suka far wa mutanen sansanin bayan sun fito, daga baya suka ƙone shi. Sai 1816 aka sake gina shi.

Saura ƙiris wannan gaɓa ta kuɓuce wa jihar Ilinoi. Wata doka ta 1787 ta ja iyaka ne daga ƙarshen tafkin na kudu. Da aka zo kafa jihar a 1818, wakilinta Nathaniel Pope ya shawo kan majalisar tarayya aka tura iyakar arewa, har ta yi nisan kimanin mil 60 daga tsohon layin. Ba don haka ba, da Shikago tana cikin Wiskonsin. Wani danginsa, Daniel Pope Cook, shi ya yi fafutuka har gwamnati ta ba da filin haƙa hanyar ruwa a 1827, shekarar da ya rasu. Da aka ƙirƙiri gundumar ran 15 ga Janairu 1831, sai aka sa mata sunansa.

A 1833 Shikago ƙauye ce ta 'yan ɗaruruwan mutane. A wannan shekara aka sa Potawatomi da 'yan'uwansu suka sa hannu kan yarjejeniyar barin ƙasa mai faɗin eka kusan miliyan 5, aka kwashe su zuwa hayin Misisipi. An fara haƙa hanyar ruwan a 1836, aka buɗe hanyar mai tsawon mil 96 a 1848, jirage suka kama jigilar hatsi da katako. Zuwa 1850 mutanen birnin sun kusa 30,000. Duk mai ba da labarin wannan bunƙasa, haƙƙi ne a kansa ya faɗa cewa waɗanda suka nuna hanyar ba a bar su sun ci moriyarta ba.