Zaƙami: Fure Mai Kyau, Ƙwaya Mai Dafi

Idan damina ta yi nisa za ka gan shi a kan juji ko bayan turken dabbobi: faffaɗan ganye, da dogon farin fure mai siffar ƙararrawa da ke buɗewa da yamma. Zaƙami ke nan, wasu su ce haukata-yaro. Akwai masu barinsa a tsakar gida don ado, tunda in yana samun ruwa yakan haura shekara yana fure.

To malam manomi, tun daga saiwa har fure akwai dafi a jikinsa, amma ƙwayar ta fi. Ɗansa ƙwallo ne mai ƙaya, in ya bushe sai ya tsage ya zubar da iri rututu. Irin nan yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, kuma takin juji da kake kaiwa gona shi ke raka shi can.

Babban haɗarin yana wajen girbi. Ƙwayar ƙanana ce, in ta shiga gero, dawa ko riɗi a masussuka, sheƙa ba lallai ta fitar da ita duka ba, dafuwa ma ba ta kashe dafin. A 2019 a yankin Karamoja na Yuganda, garin kunun agaji da irin wannan tsiro ya gurɓata ya kwantar da mutane wajen 300, biyar suka rasu. Tarayyar Turai kuma tun 2022 ta sa iyaka mai tsauri kan dafinsa a gero da dawa. Ƙungiyar da ke tara buhuna daga Kiyawa, Jahun ko kasuwar Shuwarin don manyan 'yan kasuwa, buhu ɗaya na iya ɓata mata kaya gaba ɗaya.

Awaki kan ƙi shi ɗanye saboda wari, amma in ya bushe cikin harawa sai su haɗa da shi.

Ka tuge shi da saiwarsa tun bai yi 'ya'ya ba, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido. Wanda ya riga ya yi ƙwallo, a haƙa rami mai zurfi a binne, kar a mayar juji. Ka zagaya masussuka kafin a shimfiɗa amfani.

Yaro kuwa in ka ga bakinsa ya bushe, jiki zafi ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, yana sambatu, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, a tafi da reshen tsiron a nuna wa likita.