Ɗan Aiken Kwamfuta Ba Ya Wuce Takardar da Aka Ba Shi

Waɗanda suka daɗe a Agege ko Sabon Ibadan za su tuna yadda akan aiki yaro wurin mai sayar da kaset. In ka ce masa, "Je ka sayo mini Shata," ka yi shiru, to, duk abin da ya kawo maka kai ka jawo. Amma in ka gaya masa sunan waƙar, da rumfar da zai je, da abin da zai yi in bai samu ba, lalle ya dawo da abin da kake so.

Yau kaset ya kau, amma aike yana nan. An sami sabon ɗan aike, watau kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka ce ta nemo maka waƙa kaza, ita kuwa ta je ta tambayi manhajar neman waƙoƙi a intanet da kanta. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP domin haɗa irin waɗannan 'yan aike da manhajoji dabam dabam.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abin da ɗan aiken nan ya sani game da manhajar shi ne bayanin da masu ita suka rubuta masa. Da shi yake yanke shawarar ko zai yi amfani da ita, da abin da zai cika a kowane gurbi. Mutum in bayani ya shige masa duhu sai ya tambayi na kusa da shi. Shi kuwa sau da yawa sai ya yi kintace, ya kawo maka waƙar wani da ƙarfin hali.

Saboda haka kafin a yarda da manhaja, ya kamata a auna takardar bayaninta. Mu ɗauki misalin MusicBrainz, rumbun bayanan waƙoƙi da Robert Kaye ya kafa a shekarar 2000, wanda gidauniyar MetaBrainz ke kula da shi.

Na farko, ta faɗi abin da ake nema dalla dalla? Takardar MusicBrainz ta bambanta waƙa ita kanta, da kowane ɗauka da aka yi mata, da faifan da aka fitar da ita a kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan yi waƙa ɗaya a wurare da yawa, kowane lokaci da abin da zai ƙara ko ya rage. In ba a gaya wa ɗan aike akwai wannan bambanci ba, zai ɗauka duk ɗaya ne.

Na biyu, ta yi maganar sunaye? A rumbun nan kowane mawaƙi yana da lambarsa shi kaɗai, kuma akwai gurbin sauran sunayen da aka san shi da su. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, wani ya rubuta sunansa a haɗe, wani a rabe, wani da harafi mai lanƙwasa, wani babu. Takarda mai kyau za ta ce wa ɗan aike ya gwada su duka.

Na uku, ta faɗi abin da za a samu? MusicBrainz takan ba da amsoshi 25 a karo ɗaya, ana iya ƙarawa zuwa 100, kuma kowace amsa tana da maki da ke nuna yadda ta dace da tambayar. Wanda bai san da makin ba sai ya damƙi ta farko ya juyo.

Na huɗu, ta faɗi iyaka da abin da za a yi in an rasa? An rubuta cewa kada a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa ɗaya, in an wuce za a ƙi amsawa. Ɗan aiken da bai san haka ba zai iya ce maka babu waƙar, alhali kora aka yi masa.

Amma fa kome kyan takarda, ba ta fitar da abin da ba a zuba a rumbu ba. Kowa yana iya yin rajista a MusicBrainz ya shigar da bayani kyauta. 'Yan'uwa masu tsofaffin kaset da faifan garmaho a ƙasan akwati, ku sa yaranku masu boko su kwafe sunan mawaƙi da sunan waƙa da shekara su shigar. In ba mu yi ba, wa zai yi mana?