Ƙeyar Wata: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Da zarar azumi ya ƙarato, ana dakon sanarwar Sarkin Musulmi, hirar wata kan mamaye teburin mai shayi a Kawo da Unguwar Sarki. A nan ake jin cewa wata yana da ƙeyar da ba a taɓa gani ba, wai can duhu ne dindindin, wai kuma manyan ƙasashe sun ɓoye sansani a wurin.

Maganar farko gaskiya ce, muddin daga doron ƙasa ake kallo. Tabon baƙi-baƙin da yaro ke nunawa a fuskar wata daren 14 a Malali, shi ne kakanninsa suka gani. Amma masu cewa ai wata ba ya juyawa ne sun kauce. Yana juyawa, sai dai juyinsa ɗaya da zagayensa ɗaya na duniya tsawonsu guda ne: kwana 27 da 'yan sa'o'i. Kamar alhajin da ke ɗawafi ne: kafaɗarsa ta hagu ba ta barin ɓangaren Ka'aba, amma kafin ya cika zagaye ya fuskanci gabas da arewa da yamma da kudu. Ƙarfin jan duniya ne ya yi ta rage wa wata gudun juyi tun zamanin da, har suka daidaita. Da yake yana ɗan rangaji a tafiyarsa, a hankali ana iya ganin kusan kashi 59 cikin 100 na jikinsa.

Zancen duhu kuwa ba shi da tushe. Can ma rana na fitowa ta faɗi, kimanin mako biyu haske, mako biyu dare. Ranar 29 ga Maris, 2006, da husufin rana ya rufe Katsina ruf, ƙeyar nan tana cikin rana tsaka.

Batun sansani ya fi ɓata rai, domin yana shafe aikin da aka yi a fili. Kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauko hoton ƙeyar a 1959, 'yan sama-jannatin Apollo 8 na Amurka suka gan ta da idonsu a 1968. Ƙasar Sin ta sauke Chang'e 4 a can a Janairun 2019, sai da ta kafa wani tauraron ɗan'adam mai miƙo saƙo, don jikin wata yana tare rediyo. A 2024 Chang'e 6 ya kawo ƙasar wurin kusan kilo 2. Ƙasashen nan masu gogayya da juna abu ɗaya suka nuna: tsaunuka da ramuka birjik.