Yadda 8Ball da MJG suka nufi gidajen rawa

A shekarar 2004 ne mawaƙan gambarar zamani biyu na birnin Memphis da ke kudancin Amurka, wato 8Ball da MJG, suka fitar da kundin Living Legends a ƙarƙashin kamfanin Bad Boy.

Tun daga kundinsu na Comin' Out Hard na 1993, an san su ne da waƙe rayuwar unguwannin talakawa cikin kiɗa mai sanyi.

To amma a lokacin kiɗan crunk mai zafi ne ke tashe a gidajen rawa, abin da ya sa suka zafafa salonsu domin jawo matasa, ko da kuwa tsofaffin masoyansu za su yi ƙorafi.

Kundin dai ya kai matsayi na 3 a jadawalin Billboard 200.